Zan raka Hajiya Umra da wayar aro: wacce zan ɗauka?

Maman Walida:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar waya, da waɗanda suka je Saudiyya kwanan nan.

In Allah ya yarda cikin azumin nan zan raka mahaifiyata Umra. Biza ta fito, tikiti yana hannu. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano za mu tashi mu sauka Jidda, mu fara da Makka sannan mu wuce Madina. Hajiya ta manyanta, gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, boko kuma ba ta yi ba, don haka duk wata hidima a wuyana take: takardu, magungunanta, neman keken da za a tura ta, da kiran gida kullum, don yayyena ba za su bar ni in huta ba.

Matsalar wayata ce. Batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, gilashin ya tsage, rabinsa ba ya jin taɓi. Mai gyaran unguwarmu ya ce batiri da gilashi da bakin caji duk sai an canza, gara in sayi wata. Kuɗin wata kuwa babu, tikiti da masauki sun cinye komai, ɗan abin da ya rage na mayar da shi riyal.

Mutum biyu sun ce za su ara min. Ƙanena yana da iPhone 14 da abokinsa ya kawo masa daga Amurka. 'Yar yayata kuma tana da Tecno mai layi biyu, ta ɗan kwana biyu amma batirinta garau. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana kan iPhone ɗin, saboda hoto. Tsohuwar nan ta daɗe tana roƙon Allah ya nuna mata Ka'aba, ina so hotonta a can ya fito yadda jikoki za su ajiye. Sai dai na juya wayar gaba da baya ban ga inda ake zura layi ba. Ƙanena ya ce layinsa a cikinta yake, ba a ganinsa. To nawa layin fa? Shi ne a banki, shi masu sayen atamfa suka sani, kuma a WhatsApp ɗinsa duk lissafin masu bashina yake. Yarinyar da zan bari a shago ni za ta riƙa turo wa hoton rasit, ni kuma in duba ko kuɗin ya shiga kafin ta saki kaya.

Wacce zan ɗauka a cikinsu? In na sa layin Saudiyya, WhatsApp ɗina zai tashi? Akwai kuma abin da nake jin nauyin tambayar masu wayoyin da kansu: in ta faɗi a turmutsitsin ɗawafi, ko aka zare min ita, biya zan yi? iPhone ɗin nan kuɗinta ya kusa rabin jarina.

Mai Gyara a Farm Centre:

Wa'alaikumus salam Anti. Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Gyaran waya ce sana'ata, kuma duk gab da azumi ko aikin Hajji irin tambayar nan muke sha. Ki ɗauki Tecno, ki bar wa ƙanenki kayarsa.

Ba idonki ne bai gani ba, gidan layin ne babu. Tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, duk wadda aka ƙera don kasuwar Amurka eSIM kawai take karɓa, wato layin da kamfani yake tura wa waya kai tsaye, ba katin da za ki riƙe a hannu ba. Da ta Ingila ce ko ta Dubai, da kin ga gidan layi ɗaya a gefe. Ta Hong Kong ma biyu gare ta. Kafin layinki ya shiga wannan wayar sai kin je ofishin kamfaninku da NIN an mayar da shi eSIM, katin hannunki ya mutu, in kin dawo kuma ki sake bin layi a mayar miki da kati. In wayar ta faɗi a can ta ƙi kunnuwa, babu abin da za ki zare ki sa a ta maƙwabciyarki, lambar banki ta maƙale ke nan. Akwai masu farke irinta su dasa mata gidan layi. Ko da wasa kar a yi wa kayan mutane haka.

Shi kansa ƙanen naki bai zauna ya yi lissafi ba. Layinsa yana cikinta, ma'ana alat ɗin bankinsa da kiran budurwarsa duk Makka za su bi ki. Wayar kuma a ɗaure take da asusunsa na Apple. Ki zo saukar da wata manhaja ta ce sai kalmar sirrinsa, ke kina harabar Harami, shi yana barci a Kano. Sannan ajiyar hirarrakinki na WhatsApp a Google take, tunda Android kike riƙewa, iPhone kuwa ba ta ɗauko ajiya daga can. Akwai hanyar kwashewa, amma sai an goge iPhone ɗin tas an haɗa ta da tsohuwarki, wadda rabin gilashinta ya mutu. Lissafin masu bashinki bai cancanci wannan cacar ba. Ko caja ma, ta iPhone 14 daban ce; Tecno kuwa da wuya a rasa mai irin bakin cajinta a ɗakinku.

Yanzu aikin da ke gabanki. Daren yau ki jona tsohuwar wayar a caji, kina zaune kusa da ita, ki shiga saitin WhatsApp ki tura ajiyar hirarraki zuwa Google. Da ta gama ki cire ta. Batirin da ya kumbura ba a kwana da shi a caji, ba a kuma shiga jirgi da shi.

Ita 'yar taki ta kwashe hotunanta, ta CIRE asusunta na Google daga wayar, sannan a goge. Na rubuta da manyan baƙi don a nan ake faɗawa rami: in aka goge ba a cire asusun ba, wayar za ta tashi tana neman kalmar sirrin mai ita, ba za ta wuce nan ba. Daga nan ki shiga da naki Gmail ɗin. Kin san kalmar sirrinsa? Yawancin masu zuwa wurina yaron da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu, ba su taɓa sanin abin da ya rubuta ba. In ba ki sani ba, a canza shi yanzu, layinki yana hannu.

WhatsApp da manhajar banki duk a nan gida za ki sa su, ki gwada tura wa wani ko naira ɗari ce ki ga ta tafi. Bankuna da yawa in suka ga sabuwar waya sai sun turo lamba ta saƙo, wasu har su ce a nuna fuska. Gara a yi wannan rigimar inda za ki iya takawa reshensu. Da zarar WhatsApp ya zauna da lambarki, ko layin wace ƙasa kika sa yana nan da lambar gida, muddin ba ki taɓa wurin canza lamba ba.

Layinki ya zauna a gida na ɗaya, na Saudiyya a na biyu. Ki tambayi kamfaninku ko an buɗe masa aiki a ƙasar waje, ki bar ɗan kuɗi a ciki, ki kashe masa data gaba ɗaya. Aikinsa kawai karɓar saƙon banki. In aka kira ki ta kansa kar ki ɗauka, a waje mai ɗauka ma ana cirar masa kuɗi. Ki danna *#06# ki rubuta lambar da ta fito a takarda, ita ce shaidar wayar in ta ɓata. Fawa bank kuma a jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga kayan awo.

Hajiya 'Yar Maraɗi:

Salamu alaikum. Ni daga Maraɗi nike, na tai da tsohuwata Umra cikin goman ƙarshe. 'Yar'uwa, duk abin da yaron nan ya gaya miki gaskiya ne, amma duk maganar salularki aka yi. Ita Hajiya fa?

Tsohuwata ta ɓace mini bayan tarawi. Na juya in ɗauko takalmanmu, mutane suka shiga tsakaninmu, shi ke nan. Salula tana hannuna cike da caji, amma wa zan kira? Ita ba ta da komai. Abin da ya cece mu katin masauki ne da ɗiyata ta matsa aka ɗinke mata a aljihun hijabi tun daga gida. Wani bawan Allah ɗan Indonesiya ya karanta, ya turo ta har ƙofar otal. Ni kuwa ina can ina zagaya Harami ina kuka har kusan sahur.

Ki samo mata ƙaramar salula mai maɓalli, irin mai tocila, caji guda ta yi kwanaki. A saya mata nata layin a can, ki sa lambarki ta zama ta farko, ki koya mata danna kore sau biyu tun kuna gida. A rataya mata a wuya cikin hijabi. Ki rubuta a takarda da manyan baƙi sunanta, sunan otal, lambarki ta can da lambar jagoranku, kwafi ɗaya jikinta, ɗaya jikinki. Ke ma in salular aron ta mutu, lamba nawa kika haddace? Ni ta maigida kaɗai na sani.

Ƙofofin Harami duk da lamba a samansu. Ƙofar Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. Ku tsai da guda, ku ce in an rabu a nan za a haɗu. Daren ashirin da bakwai da daren sauka, mutane kan yi yawan da kira ke wahalar shiga, saƙo ya daɗe bai tafi ba.

Ku 'yan Najeriya kun huta da maganar caja, wurin jonawa na bangon Saudiyya mai baki uku ne irin naku. Mu da muka zo da mai baki biyu zagayayye sai da muka sayi mahaɗi. Amma ki riƙo doguwar waya mai gidaje da yawa, don ɗakinmu mata huɗu ne, wurin jonawa biyu, kowa kuma lokacin buɗa-baki take son caji.

Ɗan Kwari:

Hajiya, kayan aro ba ya rufe katara. Mai shagon atamfa guda ta rasa kuɗin waya? Ki karya turmi kaɗan ki sayi 'yar daidai, in kin dawo ki sayar. In ta ɓata taki ce, ba ki da fuskar da za ki ji kunya. Ni na taɓa ara wa surukina waya ya tafi Dubai, har yau gaisuwa kawai muke yi.

Ɗalibi a Madina:

Wa'alaikumus salam Umma. Karatu nake a Jami'ar Musulunci a nan Madina, muna yawan taimaka wa baƙi da irin wannan.

Ƙaramin gyara ga maganar Mai Gyara, kada wani ya fahimci cewa iPhone ɗin ba za ta yi aiki a nan ba: kamfanonin nan suna ba da eSIM. Amma tunda layin bankinki kati ne, ni ma Tecno nake gani.

Manyan kamfanonin layi uku ne, STC da Mobily da Zain. Suna da rumfuna a filin jirgin Jidda da shagunan kewayen Harami. Fasfo za ki miƙa, ki dangwala yatsa, layin ya fito da sunanki. Na Hajiya ma sai ta je da kanta da nata fasfon. Kada ki sayi layin da wani ya tare ki da shi a hanya yana cewa an riga an yi rajista, sunan wani ne a kai. Kafin ki bar rumfar ki sa su kunna miki datar ki gani, ki tambayi ranar da za ta ƙare. Lambar da 05 take farawa. 'Yan gida su cire sifilin su sa +966. Ke kuma lambobin gida ki gyara su tun yanzu su fara da +234, in ba haka ba kira ba zai fita ba. Muna gaban Najeriya da awa biyu, ki faɗa wa yayyenki, don in sun kira bayan sun dawo daga tarawi ku dare ya raba.

Saƙon WhatsApp da muryar da ake naɗa suna tafiya lafiya. Kiran WhatsApp ɗin ne ba abin dogaro ba a nan, shi ya sa za ki ga mutanenmu da yawa da wata manhajar kira mai suna imo suke kiran gida. Ki sa shi tun a Kano, yarinyar shago da mutanen gida su ma su sa.

Abin da ba a ambata ba shi ne Nusuk. Ta wannan manhajar ake yankar izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi (SAW), mata da lokacinsu, maza da nasu, kuma a ƙofa sai an nuna izinin a waya. Da lambar fasfo da ta biza ake rajista, za su turo lambar tabbatarwa, don haka ki sa imel ɗin da ke buɗe a wayar da ke hannunki, kada wani ya sa miki nasa. Ita ma Hajiya da nata izinin. A azumi gurabe suna cika da wuri, ki nema tun kafin ku taso.

Maganar gogewar nan kuma ta wuce neman wuri a waya. Duk abin da jami'i ya gani a wayar da ke hannunki, ke zai tambaya. Wayar matashiya ce, tana cikin rukunoni barkatai, bidiyo yana sauka da kansa ba ta ma sani ba. Ki shigo da waya wadda kin san abin da ke ciki. Hoto kuma ki ɗauki Hajiya da kanki, amma ki kiyaye fuskokin matan mutane da jami'an tsaro. Dokarsu ta laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga mai keta sirrin mutane da kyamarar waya. In Hajiya ta galabaita, a Makka ki kira 911. Motar asibiti kuma 997.

Malam Na Zaure:

Hajiya, tambayarki ta ƙarshe ce na ga ba a amsa ba. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, kayan aro kashi biyu ne. Abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba ko gida, in ya halaka a hannun mai aro babu ramuwa a kansa sai in ya yi ta'adi ko sakaci. Abin da ake iya ɓoyewa kuwa, kamar tufa da kayan ado, in ya ce ya ɓata zai biya, sai fa in ya kawo shaidu cewa ya salwanta ba da sakacinsa ba. Waya a aljihu take shiga, kin ga ɓangaren da ta faɗa. A turmutsitsin ɗawafi kuma wa zai tsaya miki shaida? Hanafawa sun ɗauke shi amana, babu biya sai da sakaci. Shafi'awa kuwa sun ce a biya ko da babu sakaci.

Don haka nauyin da kike ji ki ajiye shi, ki yi maganar tun kafin ki karɓa. Ki ce wa 'yar yayar taki, in wayar ta ɓata me za mu yi, irinta zan saya ko kuɗinta, kuma nawa ne kuɗinta yau? A yi a gaban uwarta. Mai haƙƙi in ya ga dama ya yafe, nasa ne. Amma yarinya ce, za ta ji kunyar ƙanwar uwarta ta ce ba komai alhali da komai, sai ki lura da wannan.

In kuma kika karɓa da saƙonninta a ciki, ba a ara miki su ba. Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12.

Maman Walida:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na mayar wa ƙanena iPhone ɗinsa, kuma daga yadda ya yi saurin karɓa na gane dama kara ce ya yi min. Kalmar sirrin Gmail tana nan, Walida ce ta buɗe min, ta rubuta a bayan littafin shago. Ajiyar WhatsApp ta tafi jiya da daddare.

Hajiya ta Maraɗi, na samo ƙaramar waya a wurin maƙwabciyata, tun safe muke koyon danna kore, Hajiya tana cewa ita dai a bar ta da carbinta. Ɗan Kwari, turamen da kake gani a shago rabinsu na dila ne, sai bayan sallah zan biya. Allah ya shirya ka da surukinka.

Malam, na yi maganar a gaban Yaya. Yarinyar ta ce ba komai, Yaya ma ta ce ba komai, ni na dage sai da muka sa kuɗi, na rubuta. Hankalina ya fi kwanciya.

Saura abu guda, Mai Gyara. Yarinyar ɗaliba ce, sanarwar darasi da jarrabawa duk a rukunin WhatsApp na ajinsu ake yi. Da ta ji maganar gogewa sai jikinta ya yi sanyi. Ba yadda za a yi in tafi da wayar ba tare da ta rasa nata ba?

Mai Gyara a Farm Centre:

Ba za ta rasa komai ba, Anti. WhatsApp lamba yake bi. Ta tura ajiyarta zuwa nata asusun Google kamar yadda kika yi, ta zare layinta. In wayar mamanta Android ce, tun 2023 WhatsApp yana karɓar lamba biyu a waya ɗaya: ta sa layin a gida na biyu, ta ƙara asusunta, rukunin ajinsu zai bayyana, duk sabon saƙo ya riƙa shigo mata. In kin dawo da wayar ta shiga da Gmail ɗinta ta ɗauko tsoffin hirarrakin. Abin da ya shigo mata a wayar mamanta a tsakani, ta adana masu muhimmanci daban kafin ta koma. Hotuna da takardun makaranta a kwashe su a memori ko kwamfuta, ta buɗe ta tabbatar suna nan kafin a goge.

Ke ma ranar da za ki mayar, irin wannan za ki yi. Hotunan Hajiya su fita tukuna, ki tura ajiyar WhatsApp, ki fita daga manhajar banki da Nusuk, ki cire Gmail ɗinki, ki zare layukan biyu, sannan a goge. Na Saudiyya da sunanki yake, kar ki bar mata shi a ciki.